Ya tsallake shekarun sakandare lafiya, sai ga kwalin sigari a aljihunsa yana da shekara 22

Assalamu alaikum Hajiya. Daga garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa a Amurka nake rubuto miki, inda muke zaune ni da maigidana da 'ya'yanmu uku fiye da shekara 20, amma asalinmu mutanen Maraɗi ne. Damuwata a kan babban ɗanmu ce. Lokacin da yake sakandare an sha tara mu iyaye ana ja mana kunne cewa tsakanin shekara 13 da 17 ne yara suke koyon shan taba, don haka na sa masa ido ƙwarai, kuma har ya gama ban taɓa jin warinta a jikinsa ba. Waɗanda nake gani suna busa hayaki a bayan makarantar ma galibinsu 'ya'yan Turawa ne, sai na saki jiki na ce mun tsallake. Makon jiya ina shirin wanki na laluba aljihun rigar sanyinsa, sai ga koren kwalin sigari da laita. Ƙanwarsa ta ce ya fi shekara yana sha, tun da ya kama aikin dare a wani rumbun ajiyar kaya, kuma kara biyar ko shida yake sha a yini. Mahaifinsa ya rantse cewa abokansa baƙaƙen Amurka ne suka lalata shi, ya ce zai mayar da shi Maraɗi wajen baffansa. Ni kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, ban san ta inda zan fara yi masa magana ba. Sakacina ne ya jawo? Ga kuma ƙaninsa mai shekara 15 yana tasowa, ina tsoron ya bi sahunsa.

Wata uwa daga Greensboro

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zan fara da tambayar da na ji ta fi yi miki nauyi a zuciya, wato ko sakacinki ne, kuma amsata ita ce a'a. Yaron da ya yi shekarun sakandare gaba ɗaya a Amurka bai ɗanɗana taba ba, akwai hannun uwa a cikin wannan kariyar, kuma bai kamata kwali ɗaya da kika tsinta a aljihu ya shafe miki ita ba. Abin da aka faɗa muku a makaranta ba ƙarya ba ne, sai dai da mudun wasu aka auna shi, kuma ɗanki yana cikin waɗanda mudun bai cika dacewa da su ba.

Rahoton Babban Likitan Amurka na shekarar 2012 ya ce kusan mutum 9 cikin 10 na masu shan taba sun fara ne kafin su wuce shekara 18, kuma kusan dukansu sun fara kafin su wuce 26. Kashin farko na wannan magana shi ne malaman makaranta suke maimaita wa iyaye, na biyun kuwa ba a cika ambatonsa ba. Idan aka rarraba alƙaluman bisa launin fata, sai wani bambanci ya fito fili wanda masu bincike suka daɗe suna lura da shi: yaran farar fata sun fi farawa da wuri, yaran baƙar fata kuwa sun fi ƙaurace mata a shekarun makaranta. A 1997, lokacin da shan taba ya kai ƙololuwa a makarantun sakandaren Amurka, kusan kashi 40 cikin 100 na ɗalibai farar fata suna sha, baƙar fata kuwa kusan kashi 23 ne. Don haka abin da idonki ya gani a bayan makaranta gaskiya ya gani. Amma ratar ba ta ɗorewa, domin da yawa daga matasa baƙar fata sukan fara ne bayan sun gama sakandare, a shekarun 19, 20, 21 da 'yan kai, kuma idan aka kai shekarun manyanta sai a tarar ɓangarorin biyu sun kusa yin kunnen doki. A 'yan shekarun nan ma jinkirin farawa ya zama ruwan dare a tsakanin matasan ƙasar baki ɗaya: a cikin matasan da suka taɓa shan taba, waɗanda suka fara tsakanin shekara 18 da 23 sun tashi daga kusan kashi 20 cikin 100 a 2002 zuwa sama da kashi 40 a 2018.

Ina so ki riƙe cewa wannan bambanci na lokacin farawa ba a cikin jini yake ba. Masu bincike sun fi danganta shi da yanayin gida da na aljihu: iyaye masu tsananin ƙin taba, riƙo da addini, ƙarancin kuɗin kashewa a hannun yaro, da kuma abokan da su ma ba sa sha. Waɗannan abubuwa kuwa duk suna aiki ne muddin yaro yana ƙarƙashin idon gida. Ranar da ya fara karɓar albashinsa, ya fara kwana a wajen aiki, ya fara ɗanɗana wahalar rayuwa da irin kallon da ake yi wa baƙin saurayi a ƙasar nan, katangar da ta kare shi sai ta fara tsagewa, kuma kin san sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Sai dai in ƙara da cewa ni kaina ba na sakin jiki da wannan rukuni na "baƙar fata" da ake rubutawa a takardun bincike, domin buhu ɗaya ne aka zuba jikan bayin da aka kawo shekaru ɗaruruwa da suka wuce, da ɗan Jamaika, da ɗan Habasha, da ɗan Bamaraɗiya irin naki. Waɗanda suka yi ƙaura daga Afirka ma an san ba su kai haifaffun ƙasar shan taba ba. Amma yaron da ya tashi a Greensboro, unguwa da kanti da talla ba sa tambayarsa daga ina kakansa ya fito, fatarsa suke gani.

Ki ɗan kwatanta darensa a ranki. Ƙarfe biyu na dare, ya shafe awa huɗu ko biyar yana ɗaga kwalaye, ƙafa ta yi tsami, barci yana fizgarsa, sai a ba da hutun minti 15. Masu shan taba su fita bakin ƙofar baya su yi da'ira, a nan ake hira, a nan ake dariya, a nan ake jin wane ne za a ƙara wa matsayi. Wanda ba ya sha kuwa sai ya zauna shi kaɗai a kan benci yana latsa waya. Wata rana wani ya miƙo masa kara ɗaya, ya karɓa don kada a ce ya cika girman kai, ya ji barcin ya washe na ɗan lokaci. Ba na cewa haka aka yi da ɗanki kalma da kalma, amma haka ake yi da dubbai, kuma idan kin fahimci cewa abin da tabar take ba shi shi ne abokan hira da maganin barci da ɗan sararawa, za ki gane cewa faɗa kaɗai ba zai raba shi da ita ba, sai an sama masa abin da zai tsaya a gurbinta.

Yanzu ga maganar maigida. Ina girmama fushinsa, domin fushin uba ne da ya bar ƙasarsa ya yi ta fama don 'ya'yansa su zama mutane, kuma a wurinmu ganin ɗa da sigari tamkar ganin farkon lalacewa ne. Amma ina ganin ya ɗora laifin a inda bai dace ba. Abokan nan da yake zargi, a shekarun makaranta suna cikin yaran da suka fi kowa nisantar taba a ƙasar, kuma mai yiwuwa zama da su yana cikin abin da ya kare ɗanku a lokacin. Tarko ɗaya ne ya kama su tare, kuma launin kwalin da kika tsinta ya isa shaida. Koren kwali a Amurka galibi taba ce mai sinadarin mentol, wato sinadarin nan mai sanyi da kike ji a man zafi ko a alewar Tom Tom. Yana kashe kaifin hayaƙi a maƙogwaro, ya rage tari da shaƙewar da kan sa sabon shiga ya jefar da karan farko, don haka farawa takan yi sauƙi, bari kuma ya yi wuya. A shekarun 1950 ƙasa da kashi 10 cikin 100 na baƙar fata masu shan taba ne suke shan mai mentol, yau kuwa sun kai kusan kashi 85, alhali a tsakanin farar fata kusan kashi 30 ne. Wannan bai faru da kansa ba. Kamfanoni sun shafe shekaru suna cika mujallun baƙar fata irin su Ebony da Jet da tallan Kool da Newport, suna ɗaukar nauyin bukukuwan kiɗa, suna aika motoci unguwannin baƙaƙe ana rabon taba kyauta. A 1990 kamfanin R.J. Reynolds ya shirya fitar da wata taba mai suna Uptown musamman don baƙar fata a birnin Philadelphia, sai da jama'a suka yi caa, sakataren lafiya na lokacin Louis Sullivan ya fito ya yi tir, sannan aka janye ta.

Ku kuma a tsakiyar gonar kuke zaune. Kamfanin Lorillard, mai yin Newport, a nan Greensboro hedkwatarsa take har zuwa 2015 da aka saye shi, Reynolds kuma yana Winston-Salem, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga gidanku. Harajin jiharku a kan kwalin sigari santi 45 ne kacal, yana cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar, alhali na jihar New York ya haura dala 5. Dokar 2009 da ta hana sa wa sigari ɗanɗanon alewa da 'ya'yan itace ta tsame mentol ta bar shi, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta gabatar da ƙudurin hana shi a 2022, aka yi ta jan ƙafa har aka janye ƙudurin a farkon 2025. Jihohin Massachusetts da Kalifoniya sun hana sayar da shi da kansu, taku ba ta hana ba. Ki faɗa wa maigida wannan cikin natsuwa, ba don a wanke yaron ba, domin shi ya miƙa hannu ya karɓa, sai don kada a tsaya ana jifan abokai a bar abin da ya kama su duka. Akwai kuma wani haɗari a wannan zargi: saurayin da aka zagi abokansa a gabansa yakan koma kare su ne, daga nan maganar ta tashi daga taba ta koma wariya, kuma a wannan muhawarar ba za ku ci nasara a kansa ba.

Kada kuma "kara biyar ko shida ne kawai" ya kwantar miki da hankali. Baƙar fata a Amurka sun fi shan kaɗan a yini, sun fi yawan yunƙurin bari, amma sun fi shan wahala kafin su yi nasara, kuma wani babban bincike da aka yi a Hawaii da Kalifoniya, aka buga a 2006, ya nuna cewa a cikin masu shan kaɗan zuwa matsakaici, sun fi farar fata kamuwa da kansar huhu ko da adadin da suke sha ɗaya ne. Abin farin cikin shi ne lokaci yana tare da ɗanki. Shekara ɗaya da 'yan watanni ba ta kai ta wanda ya fara yana ɗan 14 ba, kuma binciken da aka daɗe ana yi a kan likitocin Birtaniya ya nuna cewa wanda ya bari kafin ya kai shekara 30 yakan kuɓuta daga kusan dukan ragin kwanan da taba take jawowa.

Batun mayar da shi Maraɗi ban goyi bayansa ba. Da farko, a dokar ƙasar da kuke zaune shi baligi ne mai cin gashin kansa, ba wanda zai iya sa shi a jirgi sai da yardarsa, kuma barazanar da ba za a iya cikawa ba mutuncin mai yin ta take ragewa. Na biyu, ke da kanki kin san cewa a gida duk kusurwar da aka juya akwai mai tebur yana sayar da ita kara-kara a kan kuɗi ƙalilan, ba a tambayar shekaru balle katin shaida, ga majalisar shayi ta samari har tsakar dare. Saurayin da aka raba da aikinsa aka kai shi inda zai wuni ba abin yi, yana jin an kore shi, an gudu ne ba a tsira ba. Idan shi da kansa yana marmarin ziyarar dangi na wata ɗaya ko biyu, wannan alheri ne, amma a bar ta ta zama ziyara, kada a mai da ita hukunci.

Na fahimci nauyin da ke tsakaninki da ɗan fari, kuma ba zan ce ki yar da kunyar da aka raine ki a kanta ba. Sai dai ki tuna cewa a gida, uwa tana iya kawar da kai ne saboda akwai kaka da goggo da kawu da suke faɗar abin da ita ba za ta faɗa ba, a Greensboro kuwa idan kin yi shiru mai yiwuwa ba wanda zai yi maganar sai mai fushi. Yaron da ya tashi a Amurka ma yana iya ɗaukar kawaicinki a matsayin rashin damuwa. Idan akwai kawunsa, ko wani dattijo a masallacinku da yake jin nauyinsa kuma ba mai yaɗa zance ba ne, a ɗora masa doguwar maganar. Amma gajeriyar taki ce, kuma ba ta buƙatar kiran suna ko haɗa ido. Ki zaɓi lokacin da ya tashi daga barci ya ci abinci, mahaifinsa ba ya nan, ki ajiye kwalin a gabansa ki ce kin gani, ba ki gaya wa kowa a waje ba, kuma ba faɗa kika zo yi ba. Daga nan ki tambaye shi yadda aikin daren yake, ki yi shiru ki saurara. Kada ki ce ƙanwarsa ce ta ba ki bayani, don kada ki ɓata tsakaninsu. Wa'azin halal da haram kuwa a jinkirta shi, domin ya san hukuncin, shi ya sa yake ɓoyewa, kuma wannan ɓoyewar alama ce cewa har yanzu yana jin kunyarku.

Idan ya nuna yana son bari, kada a bar shi da "ka yi ƙoƙari" kawai, domin nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa a kasa rabuwa da ita, ba ya jin lallashi. Akwai layin waya na kyauta, 1-800-784-8669, wanda zai haɗa shi da masu ba da shawarar barin taba na jiharku, kuma a wurinsu zai ji irin taimakon magani da ya cancanta. Ya ga likita ya faɗa masa gaskiyar adadin da yake sha da cewa mai mentol ce. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata, da cingam ɗinsa da alewarsa, akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline da sai likita ya rubuta, kuma haɗa magani da shawara ya fi kowannensu shi kaɗai tasiri. Idan kuna da inshorar lafiya ta iyali, doka ta ba shi damar zama a ƙarƙashinta har ya kai shekara 26. Ya sa rana takamaimai, ya sanar da abokan aikinsa, domin ba mamaki a cikinsu akwai wanda shi ma ya gaji yana neman abokin bari. Hutun nan na ƙarfe biyu shi ne wurin da za a yi yaƙin, don haka a yi masa tanadi: ki haɗa masa shayi mai citta a fulas, ya riƙe asuwaki ko cingam, ya rage tsayuwa a ƙofar baya na 'yan makonni, idan kuma da hali ya nemi a mayar da shi aikin rana. Kwanaki ukun farko zuwa mako guda su ne mafi tsanani, za ki ga saurin fushi da rashin barci, ku yi masa uzuri, yawanci abin yakan lafa cikin makonni biyu zuwa huɗu. Watan azumi ma dama ce, tunda wanda ya iya haƙura daga asuba zuwa magariba ya riga ya yi rabin aikin, abin da ya rage shi ne karan bayan buɗa baki. Idan ya bari ya koma, kada a ce ya ci amana, yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka gwada sau da dama.

Yana iya yiwuwa kuma ya ce bai shirya ba. A nan ba ku da ikon tilasta masa, amma kuna da ikon gidanku: ba a sha a cikin gida, ba a sha a mota, ba a sha a gaban ƙanne, ba a kuma aiken ƙani ya ɗauko laita. Ku faɗa sau ɗaya ku tsaya a kai, sannan ki riƙa tuntuɓarsa jefi-jefi ba tare da mita ba. Ki roƙi maigida alfarmar wata uku kafin ya sake ta da zancen Maraɗi, kuma ki ba shi aikin yi a ciki, ko da raka yaron wajen likita ne, domin uban da aka ce ya yi shiru kawai ba ya daɗewa bai fashe ba.

Game da ƙaramin, kada ki tsaya neman warin hayaƙi kaɗai. A 2024 ɗaliban sakandaren Amurka masu shan sigari ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, abin da ya fi yawa a hannun sa'o'insa shi ne sigarin lantarki, wanda wani ya yi kama da alƙalami ko abin adana bayanan kwamfuta, ƙamshinsa kuma na mangwaro ko minti ne, akwai kuma shisha da ƙananan sandunan taba masu ɗanɗano da ake kira sigar da ake sayarwa a shagunan gidan mai. Dokar ƙasa tun ƙarshen 2019 ta hana sayar wa wanda bai kai 21 ba kowane irin kayan taba, amma yara suna samu ta hannun na gaba da su, shi ya sa matsayin yayansa yake da muhimmanci. Ki faɗa wa babban cewa ƙaninsa yana kallonsa, kuma idan ya yarda, shi ya fi kowa dacewa ya zaunar da shi ya ba shi labarin yadda kara ɗaya ta zama shida. Wannan karon kuma kada ki sauke ido ranar bikin kammala sakandare, ki ƙara buɗe shi ranar da ya kawo miki albashinsa na farko. Ki sake rubuto mini bayan kun yi zaman nan da babban, ina so in ji abin da ya ce game da aikin daren. Allah ya shirya mana su, ya ba shi ikon rabuwa da ita.